Harafin da Ya Hana Shinkafar Bakura Ruwa

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da Talatar da na ce wa dattawa injinsu babu shi a duniya. Lokacin ni ne mai buga takardu na wata ƙungiyar manoman rani a Talata Mafara, kuma ni kaɗai na iya kwamfuta a ofishin, sai nake jin babu kamata.

Ƙungiyar tana da wani tsohon injin ban-ruwa ƙirar Rasha, tun na farkon zamanin dam ɗin Bakolori. Shi ke ɗaga ruwa daga kwata zuwa gonakin da ke kan tudu, wajen Bakura. Shinkafa ta fara ciki sai wani zoben roba ya tsage a cikinsa, ruwa ya tsaya. Bakanikenmu ya ce in aka samo masa ainihin girman zoben zai nemo irinsa a Gusau. Ya shafa gawayi a takarda, ya ɗauko hoton lambar da ke jikin injin: harafin H da wasu alƙaluma.

Ƙa'idar aikin ita ce a buga lambar a shafin masu sayar da kayan injin, bayani ya fito. Na buga, babu. Na sake, babu. Kwana uku ke nan! Shugaban ƙungiya, Malam Isa, mutumin Faru, malamin zaure ne, gonarsa kuma ita ce ta can ƙarshe. Ya zo ya zauna kusa da ni.

"Malam, wannan lamba babu ita," na ce, har da ɗaga kafaɗa.

"Mi kac ce? Injin da nit taɓa da hannuna?"

Kunya ta sa na ci gaba da lalube, har na faɗa wani shafin Rashanci mai hoton injin sak. Na kwafo lambar da ke ƙarƙashin hoton, na liƙa, sai ga bayani ya zubo. Ikon Allah! Na jera ta da tawa, na ƙura ido. Iri ɗaya ne, ko ɗigo bai bambanta ba. Wallahi abin ya fi ba ni mamaki fiye da murna.

Malam ya gyara tabarau. "Wanga da hannunka kar rubuta shi, wancan ɗauko shi kay yi. Mu a hisabi kowane baƙi na da lambatai: alif ɗaya, ba biyu, jim uku. Ita na'urar taka ba ta lissafa baƙaƙe?"

Na bincika, ashe tana yi. Akwai hanyar da ake sa ta nuna lambar da ta ajiye wa kowane harafi. Na gwada. H ɗina na boko saba'in da biyu ne. Nasu kuwa dubu ɗaya da hamsin da uku, harafi ne na rubutun Rasha, sautinsa ma "na" ne. Kama ce kawai ta zo ɗaya, kamar tagwayen da ba uwa ɗaya ba. Mu sura muke gani, ita kwamfuta lamba take karantawa, shi ya sa kwana uku tana gaya mini gaskiya ina jin haushinta.

"Awo," in ji Malam, yana dariya. "Ashe ita ma ta yi karatu."

Bakanike ya sami girman zoben, ya nufi Gusau, bayan kwana biyu ruwa ya hau tudu. Gonakin farko sun farfaɗo. Da na bi Malam a babur muka je tasa, sai na tarar fiye da rabinta ta yi ja, zangarniyar babu komai ciki. Ya murza ɗaya a tafinsa, ya hure, ya ce Allah ya mayar da alheri. Bai taɓa tayar mini da maganar ba har ya rasu, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo.

Shi ya sa nake takura muku, ku sababbin ma'aikata. In lamba ta zo daga wata ƙasa, kada ku buga abin da idonku ya gani, ku kwafo ta ko ku duba lambar harafin. Kuma kafin ku buɗe baki ku ce wa mutum "babu", ku tuna akwai wanda shukarsa ke tsaye a rana tana jiran amsarku.