Na Je Kaduna Tura Keken Injiniya

Ana idar da sallar asuba muka tashi daga Funtua, ni da wani maƙwabcina kafinta da zai je duba 'yarsa a Unguwar Shanu. An kwana ana ruwa, tasha duk taɓo. Kuɗin mota ya ɗara na bara nesa ba kusa ba. Direba ya ce mai ne ya tashi, ban ja da shi ba. Aka cusa mu a baya, gwiwata a bayan kujerar wani, kwandon wata mata a kan ƙafata.

Waɗanda suka san ni sun san ba na son tafiya. Faci nake yi a bakin titi, mota ce ke zuwa ta same ni. Tun da aka tare mu a hanya shekarun baya aka shiga da mu daji, na rage hawa mota. A dajin na san mutumin da na yi wannan tafiya dominsa. Injiniya muke ce masa. Sarƙa ɗaya aka ɗaure mu da ita, ƙafata da tasa, har Allah ya fitar da mu. Iyakar abin da zan faɗa kan wannan ke nan.

Shi ya kafa wani kamfanin fasaha a Kaduna, ya daɗe yana shugabancinsa, har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya sauka ya bar wa wani matashi da ya horar. 'Yarsa ce ta kira ni a waya. Ta ce kamfanin zai ƙaddamar da sabuwar na'ura, an sa mahaifinta ya zama mai sa albarka, kuma ya nuna ni yake so in tura masa keke zuwa gaban jama'a. Ta ce tun kafin azumi yake koya wa bakinsa faɗin "Allah ya sa albarka", kullum da safe, kuma babu abin da yake so yanzu kamar ya faɗe shi da kansa a gaban mutanen da ya tara. Na ce mata ina zuwa.

Hanya ba laifi har Giwa. Masara ta yi kai, dawa kore shar ko ta ina. Amma duk inda ciyawa ta yi tsawo ta matso bakin titi, sai hira ta mutu a motar, kowa ya zuba wa gilashi ido, sai an fita sarari a ci gaba daga inda aka tsaya. A Zariya muka canja mota. Daga nan titi ya yi faɗi, sai wuraren da ake aiki a mayar da kowa hannu ɗaya. A Mararraba masu talla suka rufe mu da gasasshiyar masara da dafaffiyar gyaɗa. Kafinta ya ce shi ba ya cin abu a hanya saboda cikinsa, sannan ya cinye gyaɗar da na saya.

Muka sauka a Kawo da hantsi, hadari ya rufe rana. Ban gane wurin ba, gada ta bi ta saman inda na sani. Mai adaidaita ya kai mu Unguwar Shanu, lunguna a matse, yara da awaki da masu wankin babur duk a hanya ɗaya. 'Yar kafinta ta kawo mana waina da miya. Wainar Kaduna ƙanana ce, sai ka ci da yawa kafin ciki ya san ka fara. Na bar kafinta can na nufi Malali, unguwar Injiniya.

Unguwar shiru take. Katanga dogaye, bishiyoyi suna ɗigar ruwa, ba ka jin ko kukan kaza. Maigadi ya nuna mini ƙofar falo. Na tsaya na yi sallama.

Daga ciki aka amsa mini, cikakkiyar amsa, da muryar Injiniya. Muryar nan na san ta fiye da tawa. Ita nake ji a gefena duk tsawon zamanmu a daji, yana karatu a hankali don kada masu gadi su ji. Na ji daɗi, na ce a raina ashe ya warke, yarinyar nan ta tsorata ni a banza. Na cire takalmi na shiga.

Yana zaune a keken marasa lafiya yana fuskantar ƙofa. Ya rame. Bakinsa ya karkace gefe, hannu ɗaya a naɗe kan cinya. Idonsa na kaina, leɓensa a rufe. Sai muryar ta sake magana daga gefensa, tana tambaya ya hanya.

Na taɓa ganin abubuwa a rayuwata, ban cika razana ba. Amma a nan na ja baya har na taka takalmina.

'Yarsa ta fito da sauri ta danna wani abu a kan tebur. Ɗan akwati ne baƙi, bai fi sabulun wanki girma ba. Ta ba ni haƙuri, ta ce ta manta shi a kunne. Ita ce na'urar da za a ƙaddamar. Ka yi mata magana da Hausa ta amsa maka, farashin hatsi, ko za a yi ruwa, ko ta karanta maka saƙon waya. An yi ta ne don irinmu da ba mu yi boko ba. Tun yana da lafiya ya ba kamfanin muryarsa, ya yi ta zama ana ɗauka, don ya ce mutanen karkara sun fi yarda da muryar dattijo.

Na durƙusa na kama hannunsa mai lafiya. Ya riƙe ni da ƙarfi. Ya yi ƙoƙarin kiran sunana, rabi ya fito, rabi ya tsaya. Na ce na ji. Muka zauna haka har aka kira azahar.

Ɗakin taron yana wajen Doka, kusa da ofisoshin gwamnati. Muka shiga ta ƙofar baya. Sanyin na'ura kamar ɗakin ajiye gawa, fitilu shuɗaye, kujeru sanye da fararen riguna. A wani dogon tebur an jera akwatunan da za a raba wa baƙi, wasu samari suna gwada su. Muna wucewa wani ma'aikaci ya gaishe da Injiniya da ƙarfi, sai akwatunan teburin suka amsa gaba ɗaya, duk da muryarsa, wasu na riga wasu. Ina riƙe da keken na ji ya girgiza.

Sabon shugaban ya zo. Yaro ne mai ladabi, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya cire hula ya tsuguna har ƙasa ya gaishe shi, yana ce masa Baba. Sannan ya ja ni gefe. Ya ce akwai manyan baƙi da 'yan jarida, kuma ba zai iya jure ganin Baba yana fama da baki a gabansu ba, ana ɗaukarsa a waya ana yaɗawa. Don haka sun shirya addu'ar a cikin na'ura. Ni dai in tura shi tsakiyar dandamali in tsaya, in an shafa in juyo da shi.

Na tambaye shi ko Injiniya ya sani.

"Kawu, da wane baki zan gaya masa? Rufin asiri ne muke yi masa."

Idonsa ya kawo ruwa da yake faɗa. Na koma bayan keken na tsaya.

Jama'a suka cika. Ma'aikatan gwamnati da manyan riguna, 'yan kasuwa, mata da lafaya, matasa kowa waya a hannu. Aka yi jawabai, rabi Turanci, ban bi ba. Aka kawo wani mai sayar da tumatir ya tambayi akwatin ko za a yi ruwa gobe, ya ce masa akwai alama, aka yi dariya don a lokacin ma ruwan ake yi a kan rufi. Duk wannan Injiniya bai kalli dandamali ba. Leɓensa ne ke motsi a hankali. Yana bita.

Aka kira shi. Jama'a suka miƙe tsaye. Na tura shi ta wani katako da aka kwantar, na tsayar da shi a tsakiya, kusa da ɗan teburin da aka ɗora akwati ɗaya da makirufo a gabansa. Ya ja numfashi. Ya ɗaga kai.

Sai lasifika ta ɗauka. Muryarsa ta cika ɗakin, garau, ta yi bisimilla ta yi salati, ta shiga addu'a. Ta roƙa wa kamfani, ta roƙa wa ma'aikata, ta roƙa wa ƙasa zaman lafiya. Addu'a mai kyau, ba tuntuɓe ko ɗaya. Abin da na lura kawai, ba ta tsayawa shan iska. Hannaye suka tashi ko'ina, amin na tashi kamar a masallacin Juma'a. Wasu mata na share hawaye. Suna kallon fuskarsa suna cewa amin, shi kuma bakinsa a buɗe, ba abin da ke fita. Daga inda nake tsaye ina ganin ƙeyarsa tana tsattsafo da gumi cikin wannan sanyi.

Aka ce fatiha, kowa ya shafa. Shi bai ɗaga hannu ba.

To ka san mu, in an shafa an gama. Aka saki kiɗa, mutane suka fara waiwayen inda abinci yake, masu rabo suka shigo da tire. Wani saurayi daga gefe yana yi mini alama da hannu in juyo da shi. Na taɓa keken, ya ƙi motsi. Na duba ƙasa. Ya damƙe tayar da hannunsa mai lafiya, jijiyoyin sun fito.

Na saki keken. Na je na zare makirufo daga gaban akwatin na kawo bakinsa. Ba wanda ya sa ni, ba kuma wanda ya hana ni.

Abin da ya fara fita ba magana ba ce, gurnani ne, kuma lasifika ta ƙara masa girma. Mai kiɗa ya kashe kiɗa. Masu tire suka tsaya inda suke. Ya sake gwadawa. Sunan Allah ya fito, a ja. Ya tsaya. Yawu ya gangaro, na goge masa da hannun rigata. Ɗakin ya yi tsit, sai ruwa a kan rufi. Na ga sabon shugaban a ƙasa ya rufe fuska da hula. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba, hannuna dai ya gaji. Amma ya kai ƙarshe. Duk wanda ke ɗakin ya ji "albarka".

Ba wanda ya amsa. An riga an shafa, mutane suka rasa ko su sake ɗaga hannu, kowa na kallon na kusa da shi. Cikin wannan shiru akwatin da ke kan tebur, wanda ba a kashe ba, ya yi magana.

"Amin summa amin. Da wa nake magana?"

Da muryarsa ya tambaye shi. Wani ya fara dariya a baya ya haɗiye ta. Injiniya ya juya kai a hankali ya kalli akwatin, ya daɗe yana kallonsa.

Na ce amin da ƙarfi, don ba ni da abin da ya fi wannan. Wata tsohuwa a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce amin. Sai sauran suka bi, ba a tare ba, nan da can. Sabon shugaban ya hau dandamali ya kashe akwatin, ya tsuguna gaban keken ya ɗaga hannayensa biyu. Sannan Injiniya ya saki tayar, ya kai hannun fuskarsa ya shafa.

A mota da muke komawa Malali barci ya yi, kansa a kafaɗata. 'Yarsa ta ce rabonsa da barcin rana tun da aka sa ranar taron. Ban jira ya tashi ba. Na kwana a Unguwar Shanu, da safe muka kama hanya ni da kafinta.

An ba ni akwati ɗaya kyauta a cikin jaka. Kafinta ya matsa sai ya gani, ya kunna shi a mota bayan mun wuce Jaji. Fasinjoji suka yi ta karɓa suna tambayarsa, wannan farashin taki, wancan ko ƙungiyarsa za ta ci ƙwallo. Yana ba su amsa da haƙuri, suna ta mamaki, wata mata ta ce wannan malami akwai daɗin murya. Na juya fuska waje. Da muka sauka a Funtua na ce wa kafinta ya riƙe, na bar masa. Abu ne mai amfani, ban ce kada kowa ya saya ba. Ni dai ba zan iya ajiye shi a ɗakin da nake kwana ba.

Na iso gida da azahar, na tarar da tayoyi na jirana. Abin da na ɗauko daga tafiyar nan ba shi da yawa. Mutanen kamfanin ba mugaye ba ne, kunya da ƙauna ce ta sa suka kusa hana shi abin da ya fi so. In mutum yana da rai kuma ya buɗe baki, a jira shi ya gama, ko abinci zai huce.