Yafiyar da Baffa Ya Janye

Sana'ata sayen gyaɗa da riɗi ce. Da tiya na fara, a gindin wata bishiya a kasuwar Mashi, har Allah ya sa na mallaki sito biyu a Daura da motar da ke kai mini kaya Kano. A tsawon shekarun nan na zauna da mutane iri-iri, ina gane mai ƙarya tun bai gama sallama ba, kuma na daɗe ina ganin babu sauran abin da mutum zai yi ya ba ni mamaki. Wanda ya gyara mini wannan tunani wani tsoho ne ɗan Sandamu, ƙanin mahaifin matata, wanda duk dangi ke kira Baffa. Bai taɓa ciniki ba a rayuwarsa, sai na abin da gonarsa ta ba shi.

Maganar ta faro ne daga ƙanin matata. Magidanci ne mai 'ya'ya huɗu, manomi, da rani kuma yakan fita neman abin yi. Ni na samar masa aiki a wani kamfanin matse man gyaɗa a Kano, inda nake kai kaya, don mun saba da manajan wurin. Akwai wasa tsakaninmu irin na mijin ya da ƙanin mata. Yakan ce na sayar wa kamfanin gyaɗa, shi kuma na ɗora musu shi a kai a matsayin gyara.

A raninsa na uku a can, bel ɗin injin ya kama masa hannun dama. An cire murfin da ke rufe bel ɗin don a duba wani abu, ba a mayar ba, aka ci gaba da aiki haka. Gyaɗa ta cushe, ya kai hannu zai tura ta, bel ya ja shi. Yatsu huɗu suka tafi har da babban, ɗan ƙaramin kaɗai ya rage. Kamfanin ya biya asibiti, wannan ba zan ɓoye ba. Bayan mako uku aka sallame shi, na ɗauko shi a motata na kai shi gida.

Ba a yi kwana goma ba manajan ya zo jaje Sandamu, shi da akawunsa, da buhun shinkafa da jarkar mai da wata 'yar ambulan ta kuɗi. Aka shimfiɗa musu tabarma a zauren Baffa, don tun rasuwar surukina shi ne uban gidan. Maƙwabta suka cika wurin. Mutanen gari sun ji daɗi ƙwarai da babban mutum ya taso tun daga Kano, ya cire takalmi ya zauna a ƙasa. Manajan ya yi magana mai daɗi, ya ce abin ya taɓa shi kamar ɗan'uwansa ne. Baffa kuwa ya yi abin da kowane dattijo a wajenmu zai yi idan an zo masa har gida. Ya ce ƙaddara ce, abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa, sun yafe duniya da lahira. Aka shafa fatiha. Akawun ya fito da takarda ya ce shaida ce kawai ta cewa sun zo an karɓe su, Baffa ya dangwala yatsa.

Mai hannun yana zaune a bakin ƙofa, kansa a sunkuye, hannun a naɗe cikin mayafi. Ba wanda ya tambaye shi komai, shi ma bai ce komai ba. Ba a tsallake maganar baffa a gaban baƙi.

Ni na san abin da ke cikin takardar nan. Na hango layin da ya ce iyalan sun janye duk wata buƙata. Na yi shiru. Ina da tirela biyu na gyaɗa da ke jiran awo a kamfanin a makon, kuma na gaya wa kaina cewa ni suruki ne, ba ni da bakin magana a zauren da ba nawa ba. Dalili na biyun gaskiya ne, amma na farkon ne ya rufe mini baki.

Damina ta faɗi. Wata safiya ina sito ana juye riɗi, sai ga Baffa a bayan babur, ya riƙe sandarsa a gicciye. Ban taɓa ganinsa a wurin sana'ata ba, don akwai kunya tsakaninmu. Na durƙusa na gaishe shi, na sa aka kawo ruwa, bai sha ba. Ya ce jiya ya bi ta gonar yaron, haka yake kiransa duk da 'ya'yansa huɗu, ya tarar ya ɗaure fartanya a wuyan hannunsa da robar taya yana noma. In ya sara sau biyar robar ta zame, ya zauna ya sake ɗaurewa da haƙori. Fatar wurin duk ta saɓule. Baffa ya ce ya laɓe bayan wata bishiyar gawo ya daɗe yana kallo, bai bari an gan shi ba. Da la'asar ya tsayar da limamin unguwarsu bayan salla, ya tambaye shi ko uba yana da ikon yafe raunin da aka yi wa ɗansa baligi mai hankali. Liman ya ce masa a'a, haƙƙin gaɓa na mai gaɓar ne, in ya so ya yafe, in ya so ya karɓi diyya, babu mai yi masa.

"Alhaji, na yi kyauta da abin da ba nawa ba," in ji shi. "Ka kai ni Kano in karɓo."

Na yi ƙoƙarin lallashinsa ta hanyar da na iya. Na ce ya bar mini maganar, zan sami manajan mu biyu a ofis in matsa masa ya ƙara wani abu, ba sai kowa ya ji ba. Na tuna masa cewa dattijo kamarsa in ya yi magana a gaban jama'a ya dawo ya canza, garin ba zai manta ba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce ya kwana yana tunanin abin da gari zai ce, ya ga duk bai kai tambayar da za a yi masa a kabari ba. Ya tambaye ni ƙarfe nawa motata ke tashi.

Muka tafi mu uku, da ni da shi da mai hannun, wanda bai san dalilin tafiyar ba sai a hanya. Da ya ji, ya roƙi Baffa ya bari, ya ce shi ya haƙura. Baffa ya ce masa ya adana maganarsa, za a tambaye shi a inda ya kamata.

Na fara kai su ofishin ƙwadago, don na san ba a zuwa ciniki hannu sake. Wata ma'aikaciya muka samu, ba ta wuce sa'ar babbar 'yata ba. Ta sa aka kwance hannun ta duba ba tare da ta kau da kai ba, ta tambayi ranar da abin ya faru da asibitin da aka kwantar da shi. Ta ce akwai doka a kan wanda ya ji rauni a bakin aiki, kuma biyan asibiti daban, diyyar naƙasa daban. Ana buƙatar rahoton likita, da wanda zai shaida yadda abin ya faru, kuma gara da muka zo da wuri don irin wannan magana tana da wa'adi. Game da takardar da Baffa ya dangwala, ta ce ba ta ɗaure mai rauni ba tunda ba shi ya sa hannu ba, sai dai za a iya fakewa da ita a ja lokaci. Ta ce mu koma gida, za su rubuta wa kamfanin. Baffa ya yi mata godiya, ya kira ta 'yata, ya ce ta rubuta wasiƙarta, amma shi da baki ya ɗaura abin nan kuma da baki zai kwance.

Ana kiran azahar muka isa kamfanin. Na sha shiga wurin, amma kullum iyakata sikeli da ofis. Ranar nan Baffa ya ce sai an nuna masa injin. Muka tsaya a bakin ɗakin, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafafunmu, ƙara ta hana kowa jin kowa, mai yana kwarara ta bututu kamar ruwan indararo. Tsohon nan da ya ƙare rayuwarsa yana ganin mata suna matse ƙuli a turmi ya tsaya yana kallo, leɓɓansa suna motsi. An mayar da murfin bel ɗin, sabo fil, har da fenti. Ya nuna shi da sanda, ya dubi ɗan ɗan'uwansa, shi kuma ya gyaɗa kai.

Manajan ya fito da fara'a ya ce mu shiga ofis akwai sanyi. Baffa ya ce a fara salla. Masallacin kamfanin rumfar kwano ce a tsakar fili, ma'aikata suka cika ta da kayan aikinsu duk mai, manajan yana sahun gaba. Ana sallamewa, kafin kowa ya miƙe, Baffa ya dafa sandarsa ya tashi. Ya yi sallama, ya faɗi garinsu, ya ce shi ne uban wannan da injin ya ci wa hannu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ko tari ba a yi ba.

"Wannan bawan Allah, manajanku, ya zo gidana, ya girmama ni, na ce masa na yafe. A gaban mutane na faɗa, shi ya sa na zo gaban mutane. Ku shaida, na yi kuskure. Hannun ba nawa ba ne. Yatsuna goma ga su nan, ba abin da ya same su. Na janye maganata, kuma ina neman gafarar Allah da ta mai hannun."

Shekarunsa sun haura tamanin. A Sandamu in ya yanke magana a kan gona ko aure, ba a sake tayar da ita. Na ga attajirai sun yi rantsuwa da Alƙur'ani don kada a ce sun yi kuskuren buhu ɗaya. Ban taɓa ganin mutum ya yi tafiyar rabin yini don ya tsaya gaban baƙi ya ce shi ne mai laifi ba.

Sai Baffa ya juya wurin ƙanin matata, ya ce masa ya tashi. Ya ce ya cire mayafin. Ya cire, mutane suka ga abin da ya rage, waɗansu suka sunkuyar da kai.

"Ba a matsayin baffanka nake tambayarka ba. Ka yafe, ko ba ka yafe ba?"

Ƙanin matata ya ɗago kai. Mutum ne da ko sunan Baffa bai taɓa kamawa ba.

"Baffa, wanda ya cire murfin na yafe masa, ba da gangan ya yi ba. Amma haƙƙina ina so. Ina da yara."

"Kun ji," in ji Baffa, ya koma ya zauna.

Daga sahun baya wani bakanike mai furfura ya ce shi ne ya cire murfin, kuma sau biyu yana faɗa a ofis cewa ƙusoshin murfin sun lalace a sayo wasu, aka ce a ci gaba tukuna. Ya ce duk inda aka kira shi zai faɗi haka. Wasu biyu suka ce suna wurin ranar. Manajan ya dube ni, irin kallon da ke cewa kai ma? Na ce masa ina zauren lokacin da aka dangwala takardar, na san ba a karanta wa tsohon abin da ke ciki ba, kuma in an tambaye ni zan faɗa. Ban shirya faɗin haka ba. Bayan abin da na gani, shirun ne ya fi ƙarfina.

Ba a ranar aka gama ba. Sai da muka yi zuwa Kano ya fi sau shida, likita ya auna hannun ya rubuta iyakar abin da zai iya yi da shi, bakaniken ya cika alkawari, ma'aikaciyar nan ta yi ta bin takardu. Ba a sake ɗaga takardar Baffa a ko'ina ba. Kamfanin ya daina karɓar gyaɗata, na koma kai wa wasu. A Sandamu an yi ta magana, wasu suka ce tsufa ne ya kama Baffa, wasu suka ce ya zubar da girman gida don abin duniya. Ya ji duka, ya ci gaba da harkarsa.

Ana gab da girbin gero aka biya. Na ba ƙanin matata shawara ya zuba kuɗin a riɗi in juya masa, ya ce ya gode, ya ga yadda nake juya mutane. Bijimai biyu ya saya da amalanke. Yana riƙe igiya da hagu, yana rataya tsumagiya a ɗan yatsan da ya rage, gonar kuma yana biyan masu huɗa. Ranar kasuwa shi ke kwaso mini buhuna daga ƙauyuka zuwa bakin titi, kuma bai taɓa rage mini kuɗin dako ba. In na yi ƙorafi sai ya ce in je in kai ƙara wurin Baffa.