Kamfan Da Na Saya Wa Mahaifina

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta wannan fili, ina ɗauka cewa sai babban abu ya sami mutum yake rubutowa. Nawa labarin a kan ɗan kamfai ne, wandon ciki na maza, abin da ko ambatonsa ba a yi a gaban manya. In wani ya yi dariya ban ga laifinsa ba, amma ina roƙo a karanta har ƙarshe, a kuma sakaya sunana.

A lokacin ina da shekara talatin da biyar, ina aiki a wani biro, wato ofis, a nan Damagaram, kuma ni ne ɗan fari a gidanmu da ke unguwar Birni. Na shiga sahun abokan aiki masu tattaki kowace Lahadi da safe, mu zaga bayan gari mu dawo mu sha shayi. Daga wannan ɗan zagayen na ɗauki kaina gwanin tafiyar ƙasa, ina ba mutane shawara a kan takalmi da gorar ruwa ko ba su tambaye ni ba. Mahaifina kuwa baduku ne, ya tsufa a kan jima da ɗinkin fata. Tsakanina da shi akwai kunyar nan ta ɗan fari. Bai taɓa kiran sunana ba, sai dai ya ce mutumin biro, ni ma ban taɓa zama kusa da shi mun yi hira mai tsawo ba. Gaisuwa ce da safe, gaisuwa da yamma.

A shekarar aka yi masa aikin yanar ido, bayan ya daɗe yana ganin duniya dishi-dishi. Da ganinsa ya dawo sai ya ce yana so ya je ya ga yayarsa da ke wani ƙauye gaba da Mirriya, kuma da ƙafa zai je, ta hanyar da yake bi da nasa mahaifin yana saurayi suna kai jakunkuna da takalma kasuwa. Inna, mahaifiyata, ta yi ta roƙonsa ya shiga mota, ta tuna masa yana da ciwon sukari. Ya ce ba ƙauyen kaɗai yake son gani ba, hanyar ma yana marmarinta. Ni na tsaya masa. Na ce zan ɗauki konje, hutun aiki, in raka shi, mu kwana Mirriya, washegari mu ƙarasa, kuma duk kayan tafiya a bar mini.

Na shiga kasuwa na saya masa takalmi mai laushi da hula mai faɗi. Sai idona ya faɗa kan wasu kamfai guda uku cikin kwali mai sheƙi, da hoton wani ƙaƙƙarfan mutum yana gudu. Mai shagon ya ce irin na 'yan wasa ne, ya tambaye ni girman wanda zai sa. Ta yaya zan san ƙugun mahaifina? Na ƙiyasta da ido na ɗauko. Yadin kamar leda yake, gajere ne iya matsematsi, ga roba mai tauri, ga wani ɗinki mai kauri a gefen kowace ƙafa. Duk na gani, amma kwalin ya tafi da hankalina. Na miƙa wa Inna ta kai masa, don ni ba zan iya ba. Ta jujjuya ɗaya a hannunta, ta ce shi fa tun aurensu irin mai faɗin nan yake sawa, wanda tela ke ɗinka masa har gwiwa da mazagi. Na ce mata wancan na zaman gida ne, tafiya mai nisa tana da nata kaya, ni na sani. Ta shiga da su.

Mun fita da sassafe, lokacin kaka ne, ana ta yankan hatsi, rana tana da zafi mai sa gumi. Ban taɓa ganin Baba cikin nishaɗi irin na safiyar nan ba. Yana nuna mini duwatsun da suke hutawa a gindinsu, da inda wata rijiya take a da, da gonar wani abokinsa da ya rasu. Ya yi mini magana a awa biyun nan fiye da yadda ya yi mini a shekara. Da hantsi ya ɗaga sai na lura tafiyarsa ta sake. Yana buɗe ƙafafu, yana yawan tsayawa, ya ce wai yana kallon wata bishiya. Na ɗauka gajiyar tsufa ce. Har da zolaya na yi masa, na ce ashe badukun da ma suna gajiya. Ya yi murmushi kawai. Inda hanyarmu ta kusanci kwalta motocin haya suna wucewa, na tambaye shi sau ɗaya ko mu shiga, ya ce a'a, ni kuma na ji daɗin a'ar, don ina so in koma biro in ba da labari.

A Mirriya muka sauka gidan wani tsohon abokin cinikinsa. Na ga ya yi sallar la'asar a zaune, na ga ya daɗe a kewaye, na ga bai ci abin kirki ba. Duk wannan ban tambaye shi komai ba. Da safe ya fito ya riga ni shiri, muka kama hanya cikin rairayi. Ba mu yi rabin tafiya ba, ina bayansa, iska ta ɗaga rigarsa, sai na ga farin wandonsa ya ɓaci da jini daga cinya har kusan gwiwa. Na sha gabansa na roƙe shi ya zauna a gindin wani gawo.

Na ce, "Baba, don Allah me ya same ka?"

Ya kawar da kai ya ce, "Ba komai. Wandon nan na ciki ne ya ɗan matse ni tun jiya."

Na ce, "To me ya sa ba ka cire ba? Me ya sa yau ma ka sake sawa?"

Ya ce, "Tun da ka girma, hidimata ta hannun uwarka kake yi. Wannan kai ka je da ƙafarka ka zaɓo mini. Ban so in ce maka bai yi ba."

A wurin na durƙusa, hawaye suka zubo mini. Ashe tsohon wandonsa na ciki ma bai ɗauko ba, don kada in gani in ce ya raina nawa. Wani manomi mai amalanken shanu ya taimaka ya kai mu ƙauyen. Gwaggona ta fito da murnar ganin ƙaninta, murnar ta koma salati. Majo, malamin jinyar da ke riƙe da ɗan asibitin wurin, ya duba shi ya ce ɗinkin ya yi ta gugar fata cikin gumi har ta saɓule a cinyoyi biyu, robar kuma ta yanka shi a ƙugu. Ya ce ga mai lafiya wannan ciwon kwana kaɗan ne, amma ga mai sukari abin tsoro ne. Ya dube ni ya tambaya ko wa ya sa dattijo tafiya haka da sabon kaya. Na ce ni ne.

Kwana biyu bayan haka masassara ta rufe shi, ciwon ya kumbura ya fara ruwa. Muka dawo da shi Damagaram a mota yana kwance, ta kwaltar nan da ya ƙi bi. Ya yi mako uku a asibiti. Akwai ranar da likita ya kira ni gefe ya ce in ciwon ya ci gaba da cin nama sai an shiga da shi tiyata, kuma ba zai iya yi mini alkawarin komai ba. Na fita na zauna a inuwa ina tunanin yadda zan dubi Inna. Ita kuwa ba ta taɓa ce mini ai na gaya maka ba, sai ma ta riƙa tura mini abinci tana cewa in ci.

Allah ya sa maganin ya karɓe shi. Da aka sallame mu aka ce sai an riƙa wanke ciwon safe da yamma a gida. Hannun Inna yana rawa, ƙannena duk mata ne. Saura ni. Ranar farko na shiga ɗakinsa da ruwan ɗumi da auduga, shi ya juya fuska bango, ni na sunkuyar da kai har na gama. Rana ta uku ya ce hannuna yana da sauƙi, da na zauna a sana'ar gida da na iya ɗinkin fata. Daga nan hira ta buɗe. A kwanakin wankin ciwon nan na ji labarin ƙuruciyarsa, da yadda ya ga Inna farkon gani, da yadda ya yi kuka a ɓoye ranar da aka kai ni lakwal, makarantar boko. Ya warke, alhamdu lillahi, yana nan da ransa. Sai dai ƙafar ta riƙe, iyakarsa yanzu masallacin unguwa. Ƙarshen hanyar da ya so ya gani da idonsa bai taka shi ba, kuma ni na jawo.

Ga masu shirin tafiyar ƙasa mai nisa, ku yi wa wandon ciki tunanin da kuke yi wa takalmi. Kada ku fara doguwar tafiya da sabo fil, ku gwada shi a gajeren zagaye tukuna. Ku nemi wanda ya yi daidai da jiki, mai laushi da saurin bushewa, wanda ya sauko ya rufe inda cinyoyi ke gugar juna, ba mai ɗinki mai kauri a wurin ba. Ku riƙe na canji, ku shafa man kaɗe, kuma da kun ji zafi ku tsaya ku duba. In akwai mai sukari a tare da ku, ku ninka kula.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba yadin ba ne. Kwana guda da rabi ina tafe kusa da mahaifina yana jin azaba, alamu duk suna gabana, kunya da son a ce na iya suka hana ni buɗe baki. Iyayenmu ba za su ce mana abin da muka ba su yana cutar da su ba, musamman in sun ga mun yi don ƙauna. Ku tambaye su tun kafin su fara ɗingishi, in sun ce ba komai ku sake tambaya.