Kwabon da Makau ya kushe

Makau mutumin Anka ne, kuma tun gemunsa na baƙi sana'arsa ɗaya: bin kasuwanni daga Anka zuwa Gummi da Bukkuyum yana sayen tsofaffin kuɗi, su sule da sisi da kwabo mai huji, yana tura wa masu tara su a birni. Abin da masu tarawar ke rububi shi ne kuɗin da ya fito daga injin bugawa da kuskure. Shi kuwa kullum wanda ya sha wuya ake kawo masa, wanda yara suka daka da dutse, ko wanda ya faɗa injin niƙa. Sai ya juya shi ya ce, "Wanga ba kuskure ba ne, kashi ya sha. Dubi bakin raunin ya tashi. Inji in zai yi ɓarna, sumul yake yin ta."

Ran nan a kasuwar Gummi, Inno, wata Bafillatana mai nono, ta kwance masa wani ƙullin tsumma, kuɗin adon kitson marigayiyar innarta. A ciki ga kwabon zamanin Turawa, da tauraronsa da rubutunsa, amma babu huji. Makau ya ɗauko shi ya duba. Ya kankari tsakiyar da farce ko cike ta aka yi da dalma. Lafiya lau. Injin ne ya manta bai huda ba.

To amma ɗan kasuwa ba ya yabon kaya gaban mai su. Sai ya taɓe baki.

"Inno, mi za a yi da kwabo ba huji? Ko kyauta anka ba ni sai na yi shawara."

"To bar shi, Kaɗo," in ji ta. Ta ƙulle abinta ta ɗau ƙwarya. Ya tsaya jiran ta waiwayo a yi ciniki. Ba ta waiwayo ba.

Satin nan tuwo bai wuce masa ba. Ko wani dillalin ya riga shi? Ko jika ya ɗauka ya yi wasa da shi ya jefa rijiya? Matarsa Luba ta ce, "Malam, wai ramin zinari ne ya rufta maka?"

Da kasuwa ta zagayo ya yi sammako. Ya tarar da wurin Inno wayam. Maƙwabciyarta ta ce, "Ta tahi maƙera wurin Uba, wai za a gyara maka kwabo."

Makau ya zura a guje, takalmi ɗaya a ƙafa. Tun daga nesa yake jin guduma, kowane bugu kamar a ƙirjinsa. Ya iske Uba maƙeri yana hure kwabon yana goge shi a riga.

"Tsakiya cif," in ji Uba. "Ko Bature sai haka."

Inno ta miƙa masa tana murmushi. "Ka ce huji ne babu. Ga huji. Yanzu sai ka saya da daraja, ka biya maƙeri ladan aikinsa."

Makau ya juya kwabon. Bakin hujin ya tashi a baya, har ya kama masa ɗan yatsa.

Ya saya, ya biya Uba. Har yau kwabon na rataye a makullin babur ɗinsa, kuma duk inda ya haɗu da Inno sai ya tambaya ko innarta ta bar wani ƙullin.