Sujada a Ɗakin Tankuna

Har gobe ban manta da ranar da Malam Haruna ya yi sujada a ɗakin tankuna bai ɗago ba. Ku sababbin ma'aikata kuna ganin na cika tsanani a kan dokar ɗakin nan, to ku saurara.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci mai kula da famfuna da bututu a cibiyarmu ta binciken teku da ke Abhur, a gaɓar Bahar Maliya. Ga aikin a taƙaice. Hayaƙin motoci da masana'antu na ɗauke da iskar kabon, teku na shanye ta, ruwa ya ƙara tsami, tsamin kuma ya hana murjani da dodon koɗi gina ɓawonsu. Don a ga abin da ke tafe, mukan ɗebo ruwan Bahar Maliya mu zuba a tankuna, mu hura wa wasu iskar daga silinda, mu bar wasu yadda suke. Shugabar sashenmu, Dakta Samira, ita ke auna ɓawon. Haifaffiyar unguwar Sa'alaba ce, cikin Hausawa, tana jin Hausa fiye da yadda take yin ta, sai ta gauraya da Larabci. Na sha riƙe dodon koɗin tankin tsami a tafina, ɓawonsa ya siranta har ina tsoron matsawa.

Ɗakin ya fi ko'ina sanyi, don murjani ba ya son zafi ya yi yawa. Mu ma ba ma so. Shi ya sa a watannin zafi muka mai da kusurwarsa wurin sallar Azahar, ba wanda ya sa mu, ba wanda ya hana.

Malam Haruna shi ne direban kwalekwalenmu, dattijo ɗan Chadi, kuma kowa ya san shi da doguwar sujada. Har tsokanarsa nake: "Malam, ka rage wa na baya addu'a mana." Ran nan ya riga ni shiga. Da na gama alwala na buɗe ƙofa, na tarar goshinsa a ƙasa, sai na tsaya ina jira ya sallame. Wa zai taɓa mai salla? Hancina ya ɗan yi yaji kamar na kurɓi lemon kwalba, amma ban kawo komai a raina ba.

Sai ga Dakta a guje. A kwamfutarta ta ga tsamin tankuna yana raguwa alhali silinda a buɗe take, wato iskar ba ruwa take shiga ba, ɗaki take cikawa. Iskar kabon kuwa ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya. Na tsaye bai san ana yi ba, mai sujada kuwa fuskarsa na cikinta.

"Ya ammi Lawali, fito da shi! Riƙe numfashi, kar ka duƙa sosai!"

"Salla yake, Dakta."

"Ba salla ba, wallahi! Yalla, maza!"

Sai a lokacin na lura yatsun ƙafarsa sun saki, kafaɗarsa ta karkace. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na cika ƙirji da iskar waje, na shiga na damƙi wuyan rigarsa, na ja shi da baya da baya har baranda. Dakta ta rufe iskar daga makullin waje, ta kira motar asibiti. Leɓunansa sun yi duhu, idanunsa a kafe. Ina yi masa fifita da hulata ina tunanin abin da zan faɗa wa iyalinsa a unguwar Mahjar.

Can ya yi tari, ya yi amai, ya dube ni ya ce, "Na sallame kuwa?"

Bincike ya nuna robar bututu ce ta tsage, na'urar gargaɗi kuma an kafa ta sama daidai kai, shi ya sa ba ta yi ƙara ba. Aka sauko da ita kusa da ƙasa, aka ware mana ɗakin salla, aka hana kowa shiga shi kaɗai.

Da ya dawo daga mustashfa, wato asibiti, ya tsaya gaban tankin tsami ya daɗe yana kallon dodon koɗin ciki. "Ni kun ja ni waje, Lawali. Waɗannan fa, in tekun duka ya zama haka, ina za a ja su?" 

Na koyi cewa abin da muke bincike a hankali yake ɓarna, ba ƙara ba wari, a ruwa ko a ɗaki. Saboda haka in kun ga abokin aiki ya daɗe bai motsa ba, ku kira sunansa, ku taɓa shi, ko da a sujada yake. In ya yi fushi ku ce ni na sa ku. Salla ana sake ta.