Yadda Yayana Ya Ƙetare Gulbi

Yayana ya haura shekara arba'in bai taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwarsa ba. A Jega aka haife mu, ga gulbi a gefen gari, yaran unguwarmu duk a cikinsa suka girma. Shi kuwa Inna ta hana shi tun yana ƙarami, domin ta yi rashin 'ya'ya kafin shi, tsoro ya riga ya shige ta. Ni da na zo a ƙarshe na tarar ta gaji da tsaro, sai na koyi iyo ba tare da ta sani ba.

Ƙaton mutum ne Yaya, mai kauri, ba ya yawan magana. Albasa yake saye a Aliero yana loda wa motocin kudu, kuma daga manoma har direbobi kowa yana ganin girmansa. Ni a lokacin ina koyarwa a wata firamare a Maiyama, a shekarun farko bayan an yanke mana jiha daga Sakkwato, ina zuwa gida ƙarshen mako.

Muna da gonar shinkafa a ƙetaren gulbi. Wata Asabar da kaka, ruwa bai gama janyewa ba, muka fito za mu gona. Yaya yana gaba da 'yarsa ƙarama, ni ina can baya da buhuna a ka. Suna jiran jirgin fito sai takalmin yarinyar ya faɗa ruwa, ta miƙa hannu, gaɓa ta zame da ita. Na hango Yaya ya afka a guje. Da ruwa ya kai masa ƙirji sai ya tsaya cak, hannunsa a miƙe, yarinya tana nutsewa tana ɓullowa a gabansa. Kafin in yar da kaya in iso, wata Basarkiya, daga masuntan wurin, da ke wanke kifi a gefe ta riga ta faɗa ta cafko ta. Yarinya ta yi aman ruwa, ta yi kuka, zuwa azahar har tana wasa. Ubanta ne bai ci abinci ba ranar.

Washegari ya same ni a zaure. Malam yake ce mini tun da na kama koyarwa.

"Malam, jiya ɗiyata tana gabana, na kasa kai hannu gare ta. In Allah ya yarda, kahin ruwan baɗi shi janye, sai na ƙetare gulbin ga da hannuwana."

Na ce, "Yaya, da girmanka? Mi mutane za su ce?"

Ya ce, "Jiya da nit tsaya ina kallo, mi sunka ce?"



Bai yi gaggawa ba. Ya jira rani, lokacin da gulbi ya rage sai kududdufai da yashi, sa'an nan ya tafi wurin tsohon da ke tuƙa jirgin fito, wani Basarke siriri mai farin gemu. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohon ya dube shi sama da ƙasa.

"Ruwa bai san babba ba," in ji shi. "In ka zo, ka aje girmanka bisa tudu tare da rigarka."

"Na ji, Baba."

Na ɗauka zai riƙa zuwa a ɓoye. Ina! Da la'asar yake zuwa in ya dawo daga Aliero, daidai lokacin da yara suka cika wurin. Ya tuɓe babbar riga ya ninke, ya shiga da gajeren wando. Abin da tsohon ya fara sa shi kawai shi ne ya tsoma fuska a ruwa ya buɗe ido, kuma wannan kaɗai ya ci masa makonni. Da ruwa ya taɓa hancinsa sai ya zabura yana tari, yara suna faɗuwa don dariya. A gida ma bai huta ba. Matarsa ta gaya mini ta sha tarar da shi a tsugune gaban daro, ya dulmiya kai, tun tana ɓoye dariyarta har ta koma ita ke cika masa daron.

Labari ya kai tasha. Direbobi da mahauta suka sa masa Sarkin Ruwa. In suka kira, sai ya amsa, "Na'am," ya ci gaba da duba albasarsa. Da suka ga abin ba ya cin sa, wasu suka gaji suka bari, wasu kuma suka koma tambayarsa da gaske inda aka kwana.

Inna ce ta fi wuya. Da ta ji, ta aika aka kira shi.

"Tun kana goye nike tsaron ka da ruwan nan. Yanzu da hurhura za ka kai mai kanka?"

Yaya ya sunkuyar da kai. "Inna, kin tsare ni, Allah shi saka miki. Ni ma yanzu ina da waɗanda zan tsare. Amma in kin ce in bari, na bari."

Daga baya ta ce ya tafi, Allah ya kiyaye, amma kada kowa ya riƙa kawo mata labari.

Bayan fuska sai gora. Tsohon ya ba shi wata ƙatuwar gora irin wadda masunta ke hawa, ya kifa ciki a kai yana bugun ruwa da ƙafa. Da bazara ya saki gora. Ranar da na fara ganin sa yana tafiya a kan ruwa ba abin da ke riƙe da shi, iyon ba kyan gani, yana fantsama kamar bijimi ya faɗa rijiya, amma yana gaba.

Da damina ta yi nisa, gulbi ya cika ya yi ja, ya ce lokaci ya yi. Tsohon ya bi shi a jirgi, ni ina iyo a gefensa. Ya yi kyau har tsakiya. Nan ƙarfin ruwa ya ɗauke shi, ya ga bishiyar da ya nufa tana gudu daga gabansa, sai ya fara kokawa, ya sha ruwa, idanunsa suka firfito. Muka ja shi cikin jirgi. Bayan haka zazzaɓi da ciwon kunne suka kwantar da shi, kafin ya miƙe ruwa ya janye. Wa'adin da ya yanka wa kansa ya wuce.

Na je gaishe shi ina shirin ba shi haƙuri, in ce ai abin da ya koya ya isa ya ciro yaro daga bakin gaɓa. Bai bar ni na gama ba.

"Ƙetarewa nic ce. Lokacin ne ban iya auna ba. Baba ya ce laihina guda, ina son hita inda nis sa ido. Shi gulbi ba a yi mai haka, kana tahiya shina kai ka, ku gamu can ƙasa."

Ya sake shekara guda yana yi. Tumbinsa ya zube, kafaɗunsa suka buɗe. Ya koyi kwanciya rigingine a kan ruwa ya huta in ya gaji, abin da ni kaina ban ƙware a kai ba.

Damina ta biyu muka koma, da hantsi, ba tare da gayyar kowa ba. Wannan karon da ya kai tsakiya ruwa ya ja shi, bai yi gardama ba. Ya juya ya huta kaɗan, ya sake kifawa ya ci gaba, ruwa yana gangarawa da mu har muka daina hango mashigin. Tsohon yana biye da mu a jirgi da sandarsa. Can sai na ga Yaya ya kama ciyawa, ya ja jiki ya hau gaɓa, ya zube cikin shinkafar wani mutum. Da numfashinsa ya dawo ya fuskanci gabas ya yi sujada a cikin laka.

Mai gonar ya taho a guje, ya ɗauka jirgi ne ya kife.

"Bawan Allah, ku nawa ne? Ina sauran?"

Yaya ya ɗago, fuska duk taɓo, ya ce, "Lahiya lau. Daga Jega nike. Ka yi haƙuri, na kwantar maka da shinkahwa."

Mutumin ya dube shi, ya dube ni, ya dubi tsohon da ke dariya a cikin jirgi har yana share hawaye. Sai da muka yi masa bayani, sa'an nan ya koma bukkarsa ya kawo mana fura a ƙwarya. Muka sha a nan bakin ruwa mu huɗu. A jirgi muka dawo, Yaya yana zaune a tsakiya yana jan hannunsa ɗaya a cikin ruwa. Da muka sauka ya yi wanka ya sa rigarsa, ya ce in raka shi tasha, akwai motar albasa da ke jiransa a Aliero.