Noeleen da Zanzaron da Ya Tare a Tiyon Mai

Ka taɓa kwance injin mota ka tsaya ka ƙirga ramuka nawa ka bari a buɗe? Noeleen Pratley ba ta ƙirga ba, ita da komai nata da lissafi yake tafiya. Shekarunta sittin da ɗaya, tumakinta ɗari huɗu da goma sha biyu, daga ƙofar gonarta zuwa garin Quilpie kilomita ɗari da arba'in. Motarta kuwa, tsohuwar akori-kura mai shan gas da suke kira Beryl, ta shekara arba'in da uku tana aiki, ashirin da tara daga ciki a hannun Noeleen, tun mijinta yana da rai.

A shekarar da ruwa ya ƙi sauka, tafkin makiyayar yamma ya soma ja da baya. Noeleen ta kafa sanda a ciki tana dubawa kowace safiya. Yatsa biyu yake raguwa a rana, saura kwana goma sha shida ke nan ya koma laka. Rijiyar burtsatse tana gida, ragowar ciyawa kuma tana can yamma, tsakaninsu kilomita goma sha tara. Dole a riƙa kai wa tumakin ruwa a tanki, kuma Beryl ce kaɗai ke iya ɗaukar tankin. A wannan makon ne Beryl ta soma fitar da farin hayaƙi, baƙin mai ya koma kamar shayi da madara. Gaskit ɗin kan injin, wato shimfiɗar da ke hana ruwa haɗuwa da mai, ya ƙone.

Wanta Clarrie, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tata, ya zo ya leƙa, ya girgiza kai.

"Ke Noeleen, tura ta bayan rumfa wurin 'yan'uwanta," ya ce, yana nuna matattun motoci bakwai da ke jere a can. "Ki kira motar kasuwa a kwashe tumakin nan tun da sauran nama a jikinsu."

"Kai ma ka fi shekara goma kana fitar da hayaƙi, wa ya tura ka bayan rumfa? Miƙo min sifana mai lamba goma sha bakwai, ko ka matsa min daga haske."

Waɗannan tumaki ita da marigayin suka yi shekara talatin suna zaɓen irinsu, rago bayan rago. Idan suka hau motar kasuwa, ba su dawowa.

A ranar ta buga waya gari a aiko da gaskit, ta tsiyaye ruwan lagireto a ƙasa, ta soma kwance kan injin. Noti ashirin da shida ne ke riƙe da shi. Duk wanda ta cire sai ta soke shi a jikin kwali, a jere yadda yake a injin. Na goma sha ɗaya ya karye a ciki. Kwana biyu ta yi tana haƙo guntun, bakin abin huji uku ya karye, ƙumbarta ɗaya ta fita. Ta ciro wani notin daga ɗaya daga cikin matattun motocin, ta rufe manyan ramukan silinda shida da tsohuwar rigar mijinta saboda ƙura, ta zauna jira.

Motar wasiƙu ranar Alhamis kaɗai take biyowa ta nan. Ta zo da gaskit, Noeleen ta buɗe kwalin ta ƙirga ramukansa: huɗu. Beryl shida gare ta.

"Wanda ya naɗo wannan a shagon, a gaya masa ya cire takalmi ya yi ƙirga da yatsun ƙafa," ta ce wa direban, ta mayar masa da kwalin.

Mako guda ya tafi a banza, yatsa goma sha huɗu a jikin sanda. Gaskit na gaskiya ya iso rana ta goma sha ɗaya. Kwana biyu tana ɗaurawa, noti bayan noti daga tsakiya zuwa gefe, zagaye uku. Ta zuba baƙin mai da ruwa, ta murɗa makulli. Injin ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa. Sau tara ta gwada kafin batir ya mutu.

Washegari Clarrie ya kawo batir ɗinsa, ya kawo labari kuma.

"Na yi magana da mai motar kasuwa, jibi zai zo. Kin yi ƙoƙari, wallahi, amma taurin kai ba ya shayar da tunkiya."

"Wa ya aike ka? Tumakinka ne?"

"Ƙanwata ce dai nake gudun ta tsaya tana kallonsu suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya."

Noeleen ta dafa shayi ta zauna a kan jarka tana harar injin, tana bin aikin a ranta tun daga farko. Ba ta ga inda ta yi kuskure ba. Sai ga wani zanzaro ya sauka a ƙarƙashin motar, inda ruwan lagireto ke ɗiga, ya dunƙulo laka, ya tashi ya yi ta kewaya gefen injin kamar mai neman ƙofar gidansa. Noeleen ta ajiye kofi. A daidai nan ne tiyon mai ya yi kwana goma yana reto, baki a buɗe, kafin ta mayar da shi. Duk kewayen rumfar babu danshi sai wanda ita da kanta ta zubar, kuma duk mutumin yankin nan ya san zanzaro ba ya ganin rami ya wuce.

Ta cire tiyon ta hura. A toshe yake kamar dutse. Ta zura waya, busasshiyar laka ta zubo, da gizo-gizo biyar da zanzaron ya tara wa 'ya'yansa. Ta wanke tiyon, ta mayar, ta fitar da iskar da ke layin mai, ta murɗa makulli. A gwaji na biyu Beryl ta yi tari, ta kama, kwanon rumfa ya ɗauki rawa.

"Clarrie!" ta ɗaga murya ta danne ƙarar injin. "Kira mutumin naka ka ce ya zo jibin, akwai tsohon rago ɗaya mai hula da nake son a kwashe!"

Clarrie ya cire hular ya buga ta a cinyarsa yana dariya, sannan ya je ya kama mata ɗora tanki. Rana ta goma sha biyar Beryl ta yi sawu uku zuwa yamma. Noeleen ta tsaya a bakin kwami tana ƙirga masu sha: ɗari huɗu da tara. Uku sun maƙale a lakar tafkin tun tana jiran gaskit, kuma har yau ba ta yafe wa kanta su ba.

Yanzu akwai gwangwani a rumfarta cike da guntayen tsumma. Ranar da za ka kwance naka injin, gwada yadda take yi: duk ramin da ka buɗe, komai ƙanƙantarsa, ka toshe shi nan take, ka rubuta adadinsu a jikin kwali, ka sake ƙirgawa ranar ɗaurawa. Na Beryl talatin da ɗaya ne.